Lasisi a aljihu, tsoro a hannu: wata shida na wani sabon mai babur

Wanda wannan bayani ya shafa ɗan yayata ne, shekarunsa 23. Ya ci jarrabawar tuƙi tashi ɗaya, ya karɓi lasisi, ya sayi babur mai inji 150 sabo fil, ya fara zuwa wurin aiki da shi, kilomita 11 zuwa, 11 dawowa. Ni na haura shekara 20 a kan babur, shi ya sa uwarsa ta damƙa mini amanarsa, ta ce in riƙa sa masa ido. Na amsa da baki. A aikace kuwa abin da na yi bai wuce zagaye biyu da muka yi tare a makon farko ba, sai wata shawara guda da na ba shi. Zan dawo kan shawarar, domin ita ce ta kusa karya shi.

Mako biyar na farko ba a ji komai ba. Yana tafiya, yana dawowa, har ya fara cewa hannunsa ya faɗa. Ban musa masa ba, alhali na san abin da jarrabawar tuƙi take aunawa: ka tayar da babur bai mutu ba, ka sauya giya, ka ba da sigina, ka tsaya inda aka ce ka tsaya. Duk abubuwa ne da ka san za su zo, ka kuma san lokacin zuwansu. Hanya ba ta yi wa kowa wannan alfarma.

Abin da ya faru

A mako na shida, da yamma yana dawowa daga aiki, ya iso wata kwana mai ɗan gangare. Kwanar irin mai yaudara ce, tana buɗewa a farko, sai ka shiga tsakiyarta ta matse. A gefenta na waje akwai kwalbati na siminti, ga yashi da iska da tayoyin motoci suka tara a bakin kwalta. Ya bi ta nan kusan sau 50 ba abin da ya same shi, domin kullum da gudun kilomita 40 a awa yake shiga.

Ranar wani mai mota ya manne masa a baya yana ta danna hon. Yaron ya ji kunya a ce shi ne ya tare hanya, ya murɗa totur. Da ya hango kwanar allurarsa tana wajen 55. Ya taka birkin baya, gudun bai ragu yadda yake so ba, ya shiga a haka. A tsakiyar kwana ya ji babur yana fita waje. Ya saki totur gaba ɗaya, idonsa ya kafe a kan kwalbatin, ya sake taka birkin baya da dukan ƙarfinsa. Tayar baya ta kulle, ta hau yashi, ta zame. Shi da babur suka kwanta, suka ja ƙasa, suka tsaya saura ƙiris su daki simintin.

Allah ya taƙaita. Gwiwa ta ɗaye, tafin hannu ya kuje duk da safar hannu, madubi ya fashe, hannun birki ya lanƙwashe. Hular kwano ta kankare a gefen haɓa, har fentin ya fita. Na daɗe ina juya hular nan a hannuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa cewa sa hular kwano yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, yana rage raunin kai da kashi 69, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ya ɗaure igiyar haɓa. Da rataya ta kawai ya yi, kamar yadda ni kaina nake yi in tafiyar gajeriya ce, da hular ta riga shi isa ƙasa. Mun jefar da ita mun sayi wata. Hular da ta sha bugu sau ɗaya ta gama aikinta, ko da daga waje tana kama da lafiyayya.

Da na tambaye shi yadda aka yi, cewa ya yi: "Kawu, babur ɗin ne ya ƙi juyawa."

Bayan kwana biyu muka je wurin da ƙafa. Alamar taya tana nan a kan kwalta, baƙin layi miƙaƙƙe ɗoɗar, kamar an sa rula an ja shi, ya nufi kwalbatin kai tsaye. Na tsayar da shi a farkon layin na ce ya gaya mini abin da yake gani. Ya ce kwalbati. Na ce ya juya kansa ya dubi inda hanya ta nufa. Fili ne a wurin, mai faɗin da babur biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa. Ya yi shiru.

Inda aka yi kuskure

Babur inda idonka yake can yake zuwa. Wannan ba camfi ba ne. Kai yana bin ido, kafaɗa tana bin kai, hannu yana bin kafaɗa, kan babur kuma yana hannunka. Matsalar ita ce, in mutum ya tsorata, abin da yake tsoro shi yake zura wa ido. Rami, dutse, ƙofar mota da aka buɗe, kwalbati. Sai ka ga mai babur ya daki abu ɗaya tilo da ke kan hanya mai faɗi, jama'a suna mamakin yadda ya yi ya same shi. Kallonsa ya yi, babur ya kai shi.

Sannan birki ko sakin totur farat ɗaya a tsakiyar kwana suna rikita zaman babur, kuma hannun da ya sandare don tsoro ba ya barin babur ya ƙara kwanciya. Gudun 55 bai fi ƙarfin wannan kwanar ba. Da ya ƙara kwantar da shi kaɗan, da ya fita. Amma bai taɓa kwantar da babur fiye da yadda ya saba ba, bai san akwai saura ba.

Yanzu ga nawa laifin. A makon farko na ce masa: "Yaro, ka yi hankali da birkin gaba, in kana gudu kada ka taɓa shi, wurga ka zai yi." Haka aka gaya mini lokacin da nake koyo, haka na miƙa masa ban duba ba. Abin dariya, ni kaina da birkin gaba nake tsayawa kullum. Hannuna ya koyi gaskiya a kan hanya tun tuni, bakina ne ya tsaya a kan tsohon karatu. In ka kama birki, nauyin babur da naka yana komawa gaba, tayar gaba ta danne ƙasa ta ƙara riƙo, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa masu koyar da tuƙi suke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a gaba yake. Wanda ya hana kansa birkin gaba ya zubar da mafi yawan birkinsa ke nan. Kafin kwanar akwai miƙaƙƙiyar hanya ta kimanin mita 20. Da ya iya haɗa birki biyu, wannan ta ishe shi ya sauko daga 55 zuwa 40 tun babur yana tsaye, ya shiga kwanar kamar kullum. A can aka yi asarar, ba a kan yashi ba.

Ba shi kaɗai ba ne. A 1981 wani masani mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da sakamakon binciken haɗurran babur 900 da aka bi diddiginsu a yankin Los Anjalas ta Amurka. Binciken ya tsufa, amma in ka karanta shi sai ka rantse da yaron nan ake magana. Kashi 92 cikin 100 na masu baburan ba su sami horo na sosai ba, da kansu suka koya ko a hannun 'yan uwa da abokai. Fiye da rabinsu ba su kai wata 5 a kan babur ɗin da suka yi haɗarin da shi ba. Kuskuren da aka fi gani shi ne taka birkin baya har taya ta zame, da sakaci da na gaba. Kuma yawanci lokacin da mai babur yake da shi tsakanin ganin haɗari da aukuwarsa bai cika daƙiƙa 2 ba. A cikin daƙiƙa 2 ba a tunani. Abin da hannu ya saba shi yake yi, in bai saba da komai ba sai ya damƙe.

Bayan faɗuwar

Raunin jiki ya warke cikin kwana goma. Babur kuwa kwana 19 ya yi a jingine, ƙura ta rufe tanki. Da ya koma hawa sai na bi shi a baya, abin da na gani ya fi faɗuwar tayar mini da hankali. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hannuwansa a miƙe kamar sanda, idonsa a kan tayar gaba, ya lafe a can bakin kwalta, daidai inda yashi da tsakuwa da ƙusoshi suke taruwa, inda kuma masu mota suke ganin an ba su dama su goge ka su wuce. A kowace kwana sai ya kusa tsayawa, na baya su yi ta kaucewa. Yana ganin taka-tsantsan yake yi, alhali ya fi shiga haɗari fiye da ranar da ya faɗi.

Shawara ta zo iri biyu. Uwarsa ta ce a sayar da babur. Abokansa suka ce ya hau kawai ya yi ta tafiya, tsoron zai fita da kansa. Ta uwarsa na fahimce ta, ba zan ga laifinta ba. Ta abokan ce na fi tsoro, domin gaskiya ne tsoron zai fita, amma zai fita ya bar shi da hannun da ya kayar da shi. Irin wannan ƙarfin gwiwa shi yake da shi a mako biyar na farko: bai iya ba, ba a dai jarraba shi ba ne.

Na roƙi Yaya ta ba ni wata biyu.

Abin da muka yi

Muka sami wani fili mai kwalta inda ba mota da sassafe. Sau uku a mako, minti 40, da gorunan roba guda takwas a matsayin alama. Ban yarda mu wuce minti 40 ba, don da zarar hannu ya gaji sai mutum ya fara maimaita kuskure yana haddace shi.

Da birki muka fara, kuma a nan muka fi daɗewa. Na sa gora biyu a matsayin ƙofa. Ya taho da gudun 30, in ya iso ƙofar ya tsaya iya ƙoƙarinsa, ni kuma in auna da takuna. Ranar farko da birkin baya kaɗai: taku 14, taya tana ƙara tana barin layi. Sai na ce ya sa yatsu a hannun birkin gaba ya matsa a mataki biyu. Na farko a hankali, har ya ji kan babur ya ɗan sunkuya, nauyi ya zauna a kan tayar gaba. Na biyu ya ci gaba da matsawa yana ƙara ƙarfi, kamar mai matse ruwa daga soso. Abin da yake wurga mutum shi ne fizga, a kama birki da ƙarfi kafin taya ta sami nauyin da za ta riƙe ƙasa da shi. Kwana uku yana matsawa kamar mai taɓa wuta. A mako na uku ya sauko taku 8, gwiwoyi sun kama tanki, kai a ɗage, ƙafa ɗaya ta sauka a natse. Ya juyo yana dariya ya ce, "Kawu, ashe duk wannan birkin yana nan." Baburinsa ba shi da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, wadda Tarayyar Turai ta fara wajabtawa a kan sababbin baburan da suka haura inji 125 daga 2016. Don haka na sa ya koyi jin lokacin da taya take shirin kullewa, ya sassauta nan take ya sake kamawa.

Ya faɗi sau ɗaya a filin, da gudun mai tafiya a ƙasa. Kan babur yana juye ya kama birkin gaba, babur ya kife kamar an ja shi da igiya. Ban ji daɗi ba, amma gara a nan. Daga ranar ya san cewa a tafiyar rarrafe, in kai yana juye, birkin baya ne abokinsa.

Daga nan sai tafiya a hankali, wadda ita ce take tona asirin wanda bai iya ba. Kuloci a riƙe a daidai inda ya fara kamawa, totur kaɗan ba ɗagawa, ƙafa tana ɗan shafa birkin baya. Ya riƙa zana lamba 8 tsakanin gora biyu. Don in raba idonsa da ƙasa, sai na tsaya a inda zai fita ina ɗaga yatsu, shi kuma dole ya faɗi adadinsu da ƙarfi tun yana tsakiyar juyawa. In ya ce uku alhali biyu ne, na san ya saci kallon gora. Kwana biyar aka yi ana haka kafin wuyansa ya saki.

Abin da ya ƙi yarda da shi sam, sai da ya gwada, shi ne yadda ake juya babur in ana gudu. Na ce masa in kana son zuwa dama, tura hannun dama gaba. Ya ce ai in ya tura hannun dama kan babur hagu zai kalla. Na ce haka ne, kuma dama za ka je. In ka tura, tayar gaba tana ɗan ficewa hagu na ƙiftawar ido, babur ya kwanta dama, kwanciyar ce take juya shi. Duk mai hawa babur ko keke haka yake yi bai sani ba. Amfanin sani shi ne ranar da kwana ta matse, kana da abin yi: ka ƙara turawa. Ya gwada da gudun 40, da tafin hannu a buɗe, turawa kaɗan. Babur ya faɗa dama nan take har ya ɗan razana. Ya tsaya ya cire hula ya ce, "To ranar nan da na tura..." Bai ƙarasa ba.

Komawa hanya mun yi ta daki-daki, ba sai na ja zancen ba: hanyoyi marasa cunkoso, sannan shataletale, sannan hanyar aikinsa a ranar hutu. Tazarar daƙiƙa 2 tsakaninsa da na gaba, 4 in ƙasa a jiƙe take. Ya fito daga bakin kwalta ya riƙe wurinsa a layi inda direba zai gan shi ta madubi. Mai hon kuma, in ya matsa, a sami wuri mai kyau a ba shi hanya ya wuce da tsiyarsa. Kwanar da ta kayar da shi muka bar ta ƙarshe. Ya bi ta sau biyar a jere wata safiya: rage gudu tun babur yana tsaye, juya kai, turawa, sannan totur a hankali yana fita. A karo na biyar ko kallon kwalbatin bai yi ba.

Wata na biyar

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Da hannu ya faɗa da gaske sai wani ciwon ya ɓullo. Ya fara kutsawa tsakanin motoci, ya fara fita yawo da wasu abokai da suka girme shi a kan babur, yana bin ƙurarsu don kada a ce an bar shi. Wata rana na bi shi bai sani ba. Sau uku ya sauya layi da madubi kaɗai, bai waiga ba, alhali akwai wuri a gefen kafaɗa da madubi ba ya nunawa, mota sukutum tana iya ɓuya a ciki.

Ban yi masa faɗa ba, faɗa ba ya shiga kunnen wanda yake jin ya iya. Na mayar da shi fili. Na ce da gudun 30 taku 8 kake tsayawa, da 60 fa? Ya ce 16. Na ajiye gora a taku 16, na koma gefe. Ya taho, ya kama birki da kyau, babu kuskure ko ɗaya, ya wuce gorar da gudun da zai iya karya ƙafar mutum, bai tsaya ba sai wajen taku 30. In gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake yi, ƙwarewa ba ta sauya wannan lissafi. Kuma a nan ya san inda zai kama birki. A hanya sai ka ƙara daƙiƙar da ido zai gani hannu ya motsa, wadda da gudun 60 kusan mita 17 ce ta tafi a banza. Ya sauka ya taka da ƙafarsa daga gorar zuwa inda ya tsaya, yana ƙirgawa. Ban ce masa komai ba. Yawon da abokan bai daina ba, amma ya koma tafiya a ƙarshen layi, su jira shi a gaba.

Inda ake yanzu

A wata na shida, a wata mahaɗa, mai mota da ke tahowa daga gaba ya karya ya ratsa hanyarsa. Wannan shi ne haɗarin da binciken Hurt ya fi cin karo da shi: a cikin karon babur da wata mota, kashi biyu cikin uku direban ne ya shiga hanyar mai babur, yawanci don bai gan shi ba. Yaron ya ce tun daga nesa ya ga motar ta rage gudu, ya sauko 45, ya ɗora yatsu a kan birki, ya sa ido a kan tayar gabanta maimakon fuskar direba, domin taya ce take fara nuna motsi. Da ta motsa ya matsa. Ya tsaya saura taku guda tsakaninsa da ƙofar motar. Ya ce sai da ya gangara gefe ya zauna minti biyar kafin hannunsa ya daina rawa.

Ba zan ce horo kaɗai ne ya fitar da shi ba. Ƙasa a bushe take, babu wanda ya manne masa a baya, kuma da 60 yake tafe da labarin ya sha bamban. Akwai kuma abubuwan da har yanzu ba su zauna ba. Yana mance sigina a kunne bayan ya juya, abin da zai iya sa direba ya ɗauka zai sake karyawa ya fito masa. Bai taɓa tuƙi da dare cikin ruwan sama ba, bai san santsin fentin titi da murfin ƙarfe in sun jiƙe ba sai a baki. Sai na tuna masa yake duba iskar taya da sarƙa.

Bai kuma taɓa ɗaukar kowa a baya ba, na hana shi. Da mutum a baya babur yana nauyi, birki yana ƙara nisa, kan babur yana yin sakayau in an tashi. Ranar Asabar za mu koma fili da gorunanmu, ni ne zan zauna a bayansa. Na ce ya duba littafin babur ɗin ya ƙara wa tayar baya iska daidai yadda aka rubuta don mutum biyu, tun da safe kafin ta ɗau zafi. Ya ce, "Kawu, ba ka tsoro?" Na ce ina ji, ya dai zo da wuri.